Yadda ake kama tashoshin rediyo da talabijin na nesa daga Tawa a bazara da damina

A ƙa'ida, muryar tashar FM ba ta yin nisa. Takan tsaya tsakanin kilomita 50 zuwa 100, gwargwadon tsawon ƙarfen tashar da ƙarfin injinta, domin siginar tana tafiya miƙe ne, ita kuwa ƙasa tana lanƙwashewa ta bar ta. Amma daga watan Mayu zuwa Agusta akwai ranakun da rediyo a Tawa zai kawo tashar Aljeriya ko Libiya ko Mali tangaran, akwai kuma asubahin da Sakkwato da Katsina za su cika zangon FM. Abubuwa biyu ne ke jawo haka, kuma babu abin da ya haɗa su. Wanda bai rarrabe su ba zai juya anten, wato eriya, inda ba nan ba, ya kuma zauna jira a lokacin da ba shi ba.

Wadda ke saukowa daga can sama

Kimanin kilomita 100 sama da ƙasa akwai wani sashe na sararin samaniya da masana suka yi wa laƙabi da harafin E. Ƙananan duwatsun da ke faɗowa daga samaniya a nan suke ƙonewa, su bar ɓurɓushin ƙarfe da maganiziyom masu ɗauke da caji. Idan iskoki biyu na can sama suka gifta juna, ɗaya ta yi gabas ɗaya ta yi yamma, sai su matse ɓurɓushin nan ya zama siririn faifai mai kaurin kilomita ɗaya ko biyu, faɗinsa kuwa gomman kilomita. Faifan nan madubi ne ga sigina: wadda ta tashi daga tasha za ta ɓace a samaniya sai ta bugi faifan ta dawo ƙasa can nesa. Masu wannan sha'awa suna kiransa Es. Ba ya bin yanayin garinku, ana samunsa ko gari ya yi garau ko hadari ya haɗu, kuma har yau ba wanda ke iya cewa gobe ƙarfe kaza zai zo.

Abin da aka sani shi ne lokacinsa da nisansa. Ya fi yawa a Yuni da farkon Yuli. A cikin yini yakan zo da hantsi, daga wajen ƙarfe 10 zuwa azahar, sannan ya sake zuwa daga bayan la'asar har bayan isha'i. Yana farawa ne daga ƙananan firikansi, wato lambobin da ake kama tasha a kansu, ya hauro: 27 MHz, sannan 50, in ya yi ƙarfi ya kai 87.5, in ya ƙara ƙarfi ya haura har 108. Shi ya sa farkon zangon FM, daga 87.5 zuwa 92, nan ne wurin gadi. Sau da yawa ƙasan zangon kan cika da baƙin tashoshi alhali daga 100 zuwa sama shiru.

Tsalle ɗaya na Es yana kai sigina daga kilomita 800 zuwa kamar 2,300, kuma a FM an fi samun na 1,400 zuwa 2,000. Auna wannan daga Tawa ka ga inda ya faɗa. In Salah tana kilomita 1,400, Adrar 1,550, Wargla 1,900, Gardaya 1,950, duk a Aljeriya. Sabha ta Libiya 1,650, Tarabulus 2,150. Bamako 1,450, Injamena 1,100, Nuwakshot tana bakin iyaka, kusan 2,300. Tamanrasat ta yi kusa, kilomita 880, sai faifan ya yi kauri sosai kafin ta shigo. Babban birnin Aljeriya da Tunis sun ɗan zarce tsalle ɗaya, suna wajen 2,450, shi ya sa suka fi wuya. Sifen da Italiya kuwa, da ke wajen 3,000, sai an samu faifai biyu a jere, siginar ta sauko cikin Sahara ta sake tashi. Yana faruwa, amma ba kullum ba.

Ga abin da ya kamata mutumin Nijar ya riƙe: faifan ba a saman kanka ake buƙatarsa ba, a tsakiyar hanya tsakaninka da tashar ake buƙatarsa. Ƙasarmu tana dab da layin tsakiya na maganaɗisun duniya, wanda ya ratsa Afirka ta Yamma kudu da mu kaɗan. A kan wannan layin akwai wani Es na daban, na rana, wanda ba kasafai yake ɗaukar FM ba. Tashoshin arewa kuwa tsakiyar hanyarsu tana faɗawa cikin Sahara, inda ake samun Es mai ƙarfi irin na bazara. Don haka in kana jiran Es, arewa za ka fuskanta.

Wadda ke bin ƙasa

Ta biyun ta yanayi ce, a cikin kilomita ɗaya ko biyu na iskar da muke shaƙa, ana ce mata turofo. Daga Afrilu zuwa Yuni iskar damina mai laima takan shigo daga kudu maso yamma ta kutsa ƙarƙashin busasshiyar iska mai zafi ta Sahara. A inda suka haɗu, laima a ƙasa, busasshiyar iska a sama, sigina takan lanƙwaso ta bi doron ƙasa maimakon ta tsere sama. Haka ma in an yi ruwa da yamma, dare ya yi garau babu iska, ƙasa ta huce ta bar iska mai ɗumi a samanta. Ƙarshen damina, daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, shi ma lokaci ne mai kyau.

Alamunta a fili suke ga mai lura: dare mai gumi, ganye ba ya motsi, raɓa a kan kwano da asuba, hayaƙin murhu ya tashi kaɗan ya kwanta a miƙe bisa rufin gidaje ya ƙi hawa. Takan fara bayan magariba, ta yi ta ƙaruwa, ta kai ƙololuwa daga asuba zuwa fitowar rana. Da rana ta gasa ƙasa, wajen ƙarfe 9, iska ta gauraya, shi ke nan ta watse. Iska mai ƙarfi ko hadari ma suna rusa ta nan take.

Turofo ba ta kai nisan Es ba, yawanci kilomita 200 zuwa 500 ne. Daga Tawa wannan ya haɗa Sakkwato a kilomita 200 kudu sak, Maraɗi 250, Birnin Kabi 300, Katsina 330, Gusau 340, Yamai da Agadas wajen 370, Kano 480. Siginarta a natse take, tana hawa a hankali tana sauka a hankali, tana iya zama awa biyu ba ta motsa ba. Ta Es kuwa faɗowa take yi farat ɗaya da ƙarfi, ta nutse, ta taso, wata tashar ta ture ta a kan firikansi guda cikin daƙiƙoƙi. Da kunne kaɗai za ka gane wacce ce ta zo.

Rediyon da zai yi aikin

Ƙarfin ji ba shi ne babban abin nema ba, domin siginar Es ƙarfi gare ta, wani lokaci ko da sandar rediyon hannu ana kama ta. Abin nema shi ne rediyon da ke iya raba tashoshi biyu maƙwabta, ya ji mai rauni a 90.1 alhali ta gari tana ruri a 90.3, kuma mai nuna lamba a gilashi, ba mai allura ba.

Mafi sauƙin samu a nan shi ne rediyon mota. An ƙera shi don ya jure cunkoson tashoshi, kuma wurin masu gyaran wutar mota ba a rasa tsoho. Nemi wanda ya fito daga motar Turai mai alamar RDS, wato tsarin da ke rubuta sunan tasha a gilashin rediyo. Na motar Amurka yana tsallake lambobi, 88.1, 88.3, 88.5, ba ya tsayawa a kan 88.2. Na kasuwar Japan kuwa daga 76 yake farawa ya tsaya a 90 ko 95. Ka kuma tambaya ko yana neman lambar sirri in an cire masa batir, don irin wannan in babu lambar ya zama kwalliya. Haɗinsa: jar waya da rawaya a haɗe su kai ga kan batir na 12 bolt mai alamar ƙari, ta hanyar fiyus na amfiya 5, baƙar waya ga ɗaya kan, lasifika mai om 4. Batirin babur mai 7 Ah zai riƙe shi awa uku zuwa biyar in ba a ƙure murya ba. Shiga saitinsa ka kashe AF da TA, in ba haka ba zai riƙa tsallakewa da kansa zuwa wata tashar daidai lokacin da kake sauraron sunan baƙuwar. In yana da maɓallin LOC da DX, sa shi a DX. Da hannu za ka riƙa matsa lamba, mataki ɗaya-ɗaya, domin neman tasha na kai-tsaye yana wuce masu rauni.

Rediyon hannu irin Tecsun PL-330 ko PL-380 suna da kyau, suna nuna ƙarfin sigina da lamba. Waɗanda aka gina kan ƙwayar TEF6686 sun fi su raba tashoshi, suna kuma karanta RDS da sauri.

Mai kwamfuta ko wayar Android mai karɓar OTG, wato wadda ake iya jona mata na'urar USB, ya nemi ƴar na'urar RTL-SDR, mai mayar da kwamfuta ko waya rediyo. Tana ji daga wajen 24 har sama da 1,700 MHz, kuma da manhajar SDR# ko SDR++ tana nuna faɗin 2.4 MHz a allo lokaci guda, kana ganin baƙuwar tasha ta tsiro kafin ka ji ta. Da ita kaɗai za ka iya gadin 27 da 50 MHz. Rauninta shi ne saurin ƙoshi: in ka ƙure ƙarfin jinta tashoshin gari za su bazu ko'ina. Fara daga 25 zuwa 30 dB, ka ƙara kaɗan-kaɗan har ka ga ƙasan allo ya fara tasowa, sai ka koma baya mataki ɗaya. Tana zafi ƙwarai, a zafin Mayu kada a bar ta a rana ko a kan katifa.

Ƙera anten

Mafi sauƙi shi ne sanda biyu a miƙe, kai da kai. Lissafinsa: raba 143 da firikansin da kake so, abin da ya fito shi ne tsawon duka a mita. Ga 92 MHz ya zama mita 1.55, wato kowace sanda santimita 77, da tazarar santimita 2 a tsakiya. Zuciyar wayar anten ta kama sanda ɗaya, saƙar da ke kewaye da ita ta kama ɗayar, kada ko silin saƙar ɗaya ya taɓa zuciyar. Irin wannan yana ji ta gaba da baya, ba ya ji ta bakin sandunan. Wannan kurumtar abin amfani ce: juya bakin sanda ya nuna ƙarfen tashar gari, za ka ga ta yi sanyi.

Wanda ya fi shi shi ne mai sanda uku. Ana son bututun alminiyom mai kaurin milimita 8 zuwa 10, tsohon anten talabijin ma yana bayarwa, da katako busasshe ko bututun roba mai kauri, tsawon mita 1.2, a matsayin gadon baya. Ga awon da aka yi don 94 MHz: sandar baya santimita 162, ta tsakiya 150 a raba ta biyu 74 da 74 da tazarar 2, ta gaba 140. Daga ta baya zuwa ta tsakiya santimita 60, daga ta tsakiya zuwa ta gaba 50. Ta tsakiya kaɗai ake haɗa wa waya, sauran biyun a ɗaure su kawai, kowacce ɗungurungum ba a yanka ba. Gajeriyar sandar ita ce gaba, ita ke nuna inda tashar take. Wannan awon yana aiki da kyau daga 87.5 zuwa wajen 100. Daga 102 zuwa sama sandar gaba ta yi masa tsawo, yana iya ma juyewa ya fi ji ta baya. Mai son saman zangon ya yanka 146, 136 da 127, ya rage tazarar zuwa 54 da 45.

Dab da inda waya ta kama sandar, naɗe wayar kanta zagaye huɗu a faɗin santimita 7, ka ɗaure. In ba a yi wannan ba bayan wayar ya zama anten shi ma, ya kwaso ƙarar cikin gida ya hau da ita, kuma juya anten ba zai rage tashar gari ba.

Alminiyom ba ya kama dalma, kuma in ya haɗu da tagulla cikin laima sai ya yi farin gari, haɗin ya mutu cikin damina ɗaya. Huda sandar, ka kankare wurin ya yi haske, ka ɗaure wayar da noti da wasa marasa tsatsa, ka shafa giris, sannan ka naɗe da robar cikin taya da aka yanka siriri, a ja ta sosai, a bi da salatif baƙi. Bakin wayar ya kalli ƙasa. Ruwa in ya shiga cikin waya ba ya fita. In ka feɗe ta ka ga saƙar ta yi baƙi ko kore, yanke har inda ta yi haske, in ko'ina haka take a sauya ta.

A kwantar da sandunan ko a tsayar da su? Ga Es duk ɗaya ne, domin faifan yana murɗa siginar. Kwantarwa ta fi, saboda tana rage ƙarar babura da ta wayoyin wuta, kuma juyawarta ta fi kaifi. Ga turofo kuwa a gwada duka biyun a kan tashar da ake nema, bambancin yana iya zama babba.

Waya ita ce RG-6 mai om 75, irin ta tauraron ɗan'adam, mai saƙa cikakkiya. A FM mita 20 ba ta cin abin a zo a gani. A zangon talabijin na UHF kuwa mita 20 ɗin nan tana cinye kusan rabin ƙarfin siginar, don haka kada a bar rarar waya a naɗe bayan talabijin, kada kuma a yi ƙari a tsakiya da murɗa wayoyi.

Kafawa, iska da aradu

Tsawon mita 6 zuwa 8 daga ƙasa ya isa ga Es, muddin babu bene ko tudu dab da kai ta arewa. Ga turofo kowace mita da aka ƙara riba ce, kuma wanda gidansa ke kan tudu, ko yake iya hawa duwatsun Adar wajen Keita ko Buza da rediyon mota da batir, ya fi mai tsadar kaya a kwari. Anten ya ɗara rufin kwano da aƙalla mita 2. Bar bututun ƙarfen ya iya juyawa cikin wani bututun da ya fi shi faɗi, da noti na ɗaurewa, ka zana alamar arewa a ƙasa. Kamfas a yankinmu kusan arewa ta gaskiya yake nunawa, amma a auna nesa da ƙarfe. Alƙibla a Tawa tana wajen digiri 74 daga arewa, Sabha 34, Injamena 106, Bamako 260. Mai sanda uku yana ji a faɗin kamar digiri 60, saboda haka in ya kalli arewa ya rufe daga Adrar har Tarabulus.

Lokacin Es shi ne lokacin hadari, kuma hadarinmu daga gabas yake tasowa da iska mai tumɓuke bishiya. Ɗaure ƙarfen da wayoyi uku a kusurwa uku daidai, ɗaya ta ja ta gabas. Nisansa da wayar wutar lantarki ya kai ninki biyu na tsawonsa, wannan ba abin sassauci ba ne, mutane suna mutuwa wajen ɗaga ƙarfe kusa da wayar wuta. Kafa sandar ƙarfe mai rufin tagulla, mita 1.5 zuwa 2, cikin ƙasa a gindin, inda ƙasa ke samun danshi, ka haɗa ta da ƙarfen anten da wayar tagulla mai kaurin milimita murabba'i 16, gajeriya, a miƙe. Duk da haka, da ka ga gabas ta yi ja ko ka ji rugugi, zare wayar daga rediyo ka fitar da bakinta waje. Ko ba a yi tsawa ba, ƙurar da ke gaban hadari tana gogar sanduna ta tara caji mai iya kashe RTL-SDR. Kada a taɓa waya in an riga an fara walƙiya.

Yana da kyau maƙwabta da mai unguwa su san cewa abin da ke kan rufin na saurare ne kawai. Watsa sigina kuwa, ko ta gwaji, sai da izinin ARCEP, hukumar kula da sadarwa ta Nijar.

Shiri kafin sama ta buɗe

A nan ne aka fi yin sakaci, kuma nan ne ribar take. Es yana iya zuwa ya tafi cikin minti goma. Wanda sai a lokacin zai fara tantance wace ce ta gari wace ce baƙuwa, ya makara. Tun cikin Afrilu, da tsakar rana lokacin da babu turofo, bi zangon daga 87.5 zuwa 108 mataki-mataki, ka rubuta abin da ke kan kowace lamba: Muryar Sahel, tashoshi masu zaman kansu, rediyon karkara, da inda babu komai sai shuu. Zaɓi wurare biyar ko shida da babu kowa a ƙasan zangon ka adana su a maɓallan rediyo. Ka kuma zaɓi tasha ɗaya ta Ƙonni ko Sakkwato da ake ji da ƙyar da rana, ita ce ma'auninka na turofo: daren da ta fito fes, juya kudu ka bi zangon.

Sai farautar ƙara. Kunna rediyo da batir a kan lambar da babu tasha, ka kashe wutar gidan gaba ɗaya. In shuu ɗin ya ragu, ɓarnar daga gida take. Mayar da kaya ɗaya-ɗaya har ka kama mai laifin, yawanci ƙwan LED mai araha ne, ko cajar waya, ko na'urar da ke juya wutar sola, ko mai kula da cajin batirinta. Lokacin da aka ɗauke wuta a unguwa, kafin a tada janareto, shi ne mafi tsabtar lokacin saurare.

Kada a yi gaggawar sayen bosta, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina, don FM. A cikin gari, kusa da tashoshi masu ƙarfi, ƙara rikici take yi. Tashoshi biyu masu ƙarfi suna haɗuwa cikin bosta ko rediyon da ya ƙoshi su haifi na bogi: masu 96.0 da 98.0 za su fito a 94.0 da 100.0, sau da yawa muryoyi biyu a cakuɗe. Gwajinsa: rage ƙarfin ji ko cire bosta. Ta bogi ɓacewa take yi ɗungum, ta gaskiya raguwa kawai take yi.

Mai intanet ya riƙa leƙa shafin DXMaps ko PSK Reporter, masu zana layi a taswira tsakanin inda sigina ta tashi da inda aka ji ta. In ka ga layukan 50 MHz sun yi yawa tsakanin kudancin Turai, tsibiran Kanari da arewacin Afirka, to sama tana motsi, kunna rediyo. Mai RTL-SDR ya saurari 27 MHz: in muryoyin Sifaniyanci ko Italiyanci suka cika shi da ƙarfi, a matsa sama a jira.

Gane tashar da aka kama

Fara ɗaukar murya da waya tun kafin ka san ko wace ce, ka faɗi lamba da lokaci da bakinka a cikin ɗaukar. Kada ka liƙe wa tasha ɗaya mai kiɗa. Zagaya, ka dawo mata dab da cikar awa, lokacin da ake faɗin suna da labarai.

Harshe shi ne shaida ta farko: Larabcin Aljeriya, Hasaniyanci na Muritaniya, Bambara na Mali, Larabcin Cadi. Gidan rediyon Aljeriya yana da tasha ta ɗaya da Larabci, ta biyu da Tamazik, ta uku da Faransanci, ga kuma tashoshin jihohi masu faɗin sunan garinsu. Agogo shaida ce ta biyu: Aljeriya da Cadi lokacinsu ɗaya da namu, Mali da Muritaniya suna bayanmu da awa ɗaya, Libiya tana gabanmu da awa ɗaya. Kiran salla ma yana nuna wuri. A watan Yuni rana tana faɗuwa a Wargla fiye da rabin awa bayan ta faɗi a Tawa, ko da yake kusan a layi ɗaya suke daga kudu zuwa arewa.

RDS ya fi duka tabbaci in tashar tana da shi. Ban da suna, yana aiko lambar shaida mai gurbi huɗu da ake kira PI, wadda takan fito tun kafin sunan. Gurbin farko na ƙasa ne: 2 Aljeriya, 1 Maroko, 7 Tunisiya, D Libiya, E Sifen, 5 Italiya, 8 Fotugal. Wasu ƙasashen suna tarayya a gurbi ɗaya, don haka a haɗa da harshe da inda anten ya kalla, sannan a duba firikansin a FMLIST ko FMSCAN, shafukan intanet masu jerin tashoshin FM. A yi hattara da abu ɗaya: jin shirin ƙasar waje ba hujja ba ce, tashoshin gida suna karɓo shirye-shirye daga tauraron ɗan'adam su sake watsawa.

Wani lokaci, musamman da asuba, murya za ta faɗo a lambar da babu kowa, daƙiƙa ɗaya ko biyu, ta ɓace. Wannan sawun ƙaramin dutse ne da ya faɗo daga samaniya ya ƙone, ana yawan samunsa wajen 12 da 13 ga Agusta. A littafinka rubuta rana, lokaci da agogon GMT, wato namu a cire awa ɗaya, firikansi, inda anten ya kalla, da hanyar da kake ganin ta kawo ta.

Talabijin

A da, Es yana kawo hoton talabijin daga Turai a kan zangon 47 zuwa 68 MHz. Wannan zamanin ya wuce, ƙasashen Turai sun rufe tashoshin analog ɗinsu, zangon ya zama kusan kango. Talabijin na dijital, TNT, yana kan UHF ne daga 470 zuwa 694 MHz, inda Es ba ya kaiwa ko kusa. Saboda haka talabijin na nesa a yau aikin turofo ne kaɗai: kudu, gabas da yamma, daga dare zuwa asuba.

Ana son dogon anten UHF mai sanduna da yawa, a saman ƙarfen, mita ɗaya aƙalla sama da na FM. Shi bakinsa tsukakke ne, kuskuren digiri 15 yana iya ɓatar da tasha, a juya shi a hankali. A nan bosta tana da amfani, amma sai an ɗaura ta can sama dab da anten. Wadda aka sa a bayan talabijin ƙarar waya kawai take ƙarawa. In akwai ƙarfen kamfanin waya kusa, a sa matatar 4G kafin bostar. Wasu dikodoji suna tura bolt 5 ta cikin waya don ciyar da bosta. In babu bosta a kashe wannan saitin, in ba haka ba dikoda za ta yi ta kukan wayoyi sun haɗu.

Dikoda ta zama DVB-T2. Kada ka yi neman kai-tsaye, yana da jinkiri kuma a wasu dikodojin yana share jerin tashoshinka. Shiga neman hannu, faɗin zango 8 MHz. Lissafin lambar kanal: ninka ta da 8 ka ƙara 306. Kanal 21 ya zama 474 MHz, kanal 30 ya zama 546, kanal 48 ya zama 690. Za ka ga sanduna biyu, ta ƙarfi da ta inganci, kuma ta inganci ce abin kallo. Ƙarfi ya cika inganci sifili yana nufin ƙarar bosta ce, ko tashar analog, ko tashoshi biyu sun hau kanal ɗaya. Dijital ba shi da hoto mai yayyafi irin na da: ko ya fito fes, ko ya daskare ya farfashe, ko babu. Tsaya a kanal ɗaya kamar rabin minti kana juya anten, domin dikoda tana ɗaukar lokaci kafin ta kama. In sunayen tashoshi suka fito allo ya tsaya baƙi, yawanci na kuɗi ne a kulle, irin GOtv da StarTimes na Najeriya, kuma sunan ya isa shaidar kamu. In murya ta fito babu hoto, dikodar ce ba ta karanta HEVC, wani tsarin matse hoto.

Inda har yanzu ake watsa analog daga Najeriya, ba a buƙatar dikoda, waya ta shiga talabijin kai tsaye. Najeriya tana kan tsarin talabijin na PAL B/G, muryar tana nesa da hoto da 5.5 MHz, alhali tsarin da aka yi amfani da shi a Nijar SECAM K1 ne mai 6.5. Don haka in hoto ya fito babu launi, ko ya fito murya kuwa sai shuu, shiga saitin kanal ɗin ka mayar da launi PAL, murya BG. In tashar tana kan zangon 174 zuwa 230 MHz ne, anten UHF ba zai ji ta da kyau ba. Yanka mata sanda biyu, kowacce santimita 35, ka kwantar da su, gefensu ya kalli kudu.